Sunan Ɗan Fari

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na haukatar da tsohuwa mai cikakken hankali da birona ba. Farkon shekarun tamanin ne, muna ɗaliban likitanci, aka tura mu wani ƙaramin asibiti a Gummi mu koyi duba tsofaffi. Malaminmu ya ba mu takardar tambayoyin gwada ƙwaƙwalwa da ya zo da ita daga Ingila, ni kuwa na riƙe ta kamar laya.

Wani makiyayi ya kawo mahaifiyarsa, mai tallar nono, tari ya hana ta sakat. Maimakon in saurari ƙirjinta sai na zaro takardata (farar riga tana ɗaukata, ga 'yan ajinmu suna kallo).

"Inna, mi sunan ɗanki na hwari?"

Ta sunkuyar da kai. Na maimaita da ƙarfi, har na nuna makiyayin da biro. Ta ja mayafi ta rufe baki.

Na rubuta "rikicewar tsufa" a katinta, na ja ɗanta gefe cikin isa na ce kada a sake barinta ta fita talla, za ta ɓace. Ya yi godiya, ya tafi da ita, ko maganin tarin bai tsaya karɓa ba.

Da rana Malam Garba, tsohon mai ba da magani, ya karanta katin a gaban kowa.

"Likita, kai ɗan ina na?"

"Anka."

"Kai na ɗan hwari gidanku?"

"Ni na."

"To Innarka ta taɓa kiran sunanka?"

'Yan ajinmu suka kwashe da dariya. Shekara ashirin da huɗu Innata tana ce mini "wancan", ban taɓa cewa ta rikice ba. Kunyar ɗan fari ce, wadda na sha da nono, amma da na ga tambayar da Turanci sai na manta da ita.

Sati uku ina zagaya masu nono ranar kasuwa ina neman tsohuwar. A ƙarshe wata ta ce ta san ta: an hana ta fita, tunda likita ya ce ta zautu, kuma sun yi ƙaura wajen Bukkuyum.

Yanzu ni ke koyar da ɗalibai duba tsofaffi. Nakan ce su fara da ciwon da ya kawo mutum, takarda ta jira. Sukan rubuta wannan ma a takarda. Ni dai har yau ban ji ƙirjin matar nan ba.