Ruku'u a Gaban Gawa

Ko da tsufa zai kwashe min komai, ba zan manta da ranar jana'izar Baba Seidu a unguwarmu ta Nima ba. Ana gab da zaɓen kansila ne, kafin Gana ta samu 'yancin kai, ni kuma ni ne babban mashawarcin ɗan takararmu, Ticha Kofi (ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina).

Ticha Kirista ne, mutumin kirki, kuma shi kaɗai ya damu a ja mana famfo. Ruwan rafi muke sha, duk damina sai gudawa ta kwashe yara. Ya so ya fito fili ya faɗi addininsa, na hana shi.

"Massa, nan Zongo ne, unguwar Musulmi," na ce masa (Massa muke ce wa malamin boko). "Ka ce coci, ƙuri'a ya tafi."

Na ara masa babbar riga da hula, na koya masa salla a ɗakina har ya iya. Abu ɗaya na manta: sallar gawa a tsaye ake yin ta.

Na kutsa da shi har sahun gaba don kowa ya gani. Liman ya yi kabbara ta biyu, Ticha ya tafi ruku'u. Ni kuma, da saukar Alƙur'anina da komai, sai na bi shi wai don kada ya zama shi kaɗai. A kabbara ta uku goshinmu yana cikin taɓo, a gaban makara. Da ma an yi dariya, da na samu sauƙi. Ko tari ba wanda ya yi.

Bayan an rufe gawa, babban ɗan mamacin ya tare ni, idanunsa jajur.

"Mun san cocinsa, mun san uwarsa a unguwar Tudu. Da shi za mu zaɓa. Amma mutum da ya yi wasa da gawan babana? Kai kuma Musulmi, kai ka kawo shi."

Ticha ya faɗi zaɓe, bai ƙara yi min magana ba. Famfo bai zo ba, kuma a daminar nan muka binne 'yar ƙanwata. Har yau abin yana cin raina.

Tun daga nan, duk ɗan siyasar da ya tambaye ni ko ya ɓoye addininsa, cewa nake ya faɗi gaskiyarsa, sannan ya nemi wani mashawarcin.