Kwana Uku Ina Rubutu a Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi

Ba na jin zan taɓa mantawa da safiyar Litinin ɗin nan. Na kunna kwamfutar makarantarmu, sai fararen rubutu suka zubo a kan baƙin allo, suka tsaya cak. Na kashe, na sake kunnawa. Haka dai.

Ni ce na rungumo ta a kan babur tun daga Moriki, da aka dawo da makarantarmu Kaura saboda 'yan bindiga. Sakamakon ɗalibai na shekara uku duk yana ciki, babu kwafi ko'ina. Ni kaɗai ce mai kula da ita, don ina da takardar koyon kwamfuta ta wata uku (malamai Injiniya suke ce mini, ni ko kunya babu ina amsawa). A Kaura ba ni da wanda zan faɗa wa. Innata na can gida, in na kira ta kuka kawai za mu yi.

Sai na karkata allon yadda na bakin ƙofa ba zai gani ba, na zauna ina buga rubutu. Kwana uku. Shugaban makaranta in ya leƙo ya ji ƙas-ƙas, sai ya ce, "Sannu da ƙoƙari, ɗiyata." Ni kuwa sunayen ƙannena nake ta bugawa.

Ranar Alhamis shugaban ya shigo da wani magidanci mai neman sakamakon 'yarsa. Ya zagayo bayana. Ya daɗe yana kallon allon, yatsuna kuma don tsoro sun ƙi tsayawa.

"Mi kike rubutawa haka?"

"Gwada ta nake yi, ranka ya daɗe."

"Tun Litinin?"

Magidancin ya kau da kai.

Aka kira Malam Isiya mai gyara daga kasuwa. Ya karanta rubutun da ke allon, ya buɗe cikinta, ya danna wani siririn falle har ya zauna daram.

"Fallen nan, memori, shi ne girgizar hanya ta kwance," in ji shi. "In za ta tashi, wurin baza kayanta take fara nema. Ta rasa, shi ne ta tsaya. Ajiyarku na wani ɗaki daban."

Ana kiran azahar shugaba ya ce mini, "Ba abin da ya goge, aikinki kuma na nan."

Ashe kwamfutar ta fi ni hankali. Ita da ta rasa yadda za ta yi, rubutawa ta yi ɓaro-ɓaro don kowa ya gani.