Ranar da Na Ƙafar da Teku

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na auna wautata da mitar ɗinki ba, ta kuma fito cif, ba ragi ba ƙari.

Ni tela ne a Damagaram. Lekol kuwa, wato makarantar boko, na leƙa ta ne kawai, mushe malaminmu ya kalli kaina ya ba babana shawarar a saya mini allura. A shekarar farin nan da gero ya ƙone tun yana ƙarami, ɗinki ya mutu. Wanda ke neman tiyar hatsi ina ruwansa da sabuwar riga? Sai na koma zaman shagon maƙwabcina Isufu, mai buga wa mutane takardu da ordinatar, wato kwamfuta. A cikin na'urar akwai wasan yaƙin jiragen ruwa: ka jera naka, ka yi dabara, ka nutsar da na abokan gaba. (Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce tafki ba, ga ni shugaban sojan teku.)

Matsalar ita ce Manzo, taubashina, tsohon direba. Kullum ya ci, kullum na'ura ta cinye ni.

"Tela, kai ko a kwano aka sa maka jirgi sai ya nutse," in ji shi.

Zuciya ta ɗebe ni, muka ƙulla a gaban shaidu: ranar Lahadi kowa ya yi yaƙi ɗaya. Wanda ya faɗi, shi zai riƙa ɗebo wa gidan ɗan'uwansa ruwa har damina ta sauka. Duk wanda ya san layin famfo a garinmu lokacin bazara ya san ba ƙaramin abu na sa hannu a kai ba. Mata da 'yan garuwa, rana na dukan kai, ga ni da furfura.

Na ce wallahi ba zan ɗauki bido ba, jarkar ruwan nan. Na yi ta gwaji har idona na ruwa, jiragena na ta nutsewa. Sai wata rana na ga Isufu ya buɗe wani shafi cike da rubutun Nasara, kowane layi da lambarsa. Ya ce sunansa fishiye, nan ne cikin wasan. Ya rage lamba ɗaya, sai abokan gaba suka zama kamar kaji.

Ban iya karanta layin ba, amma ai na iya awo. Da ya juya baya, na zaro mitata, na auna daga saman gilashin zuwa layin, na daɓa alama da alli a jikin mitar. Inda yake dannawa ya buɗe kuma na haddace shi kamar hanyar gidanmu.

Ranar Lahadi aka daidaita Manzo ya fara, ni in bi bayan azahar. Ya yi nasa ya ci, da ƙyar. Aka kira salla, na ce wa su Isufu su je, ni zan tsare shago in bi sahu na biyu (Allah Ya yafe mini). Na buɗe shafin, na ɗora mita, na sami layina. Isufu ragewa ya yi, ni kuwa na ce me ya kai ni rabin aiki? Na share lambar na sa sifiri. Abin da ban sani ba, shafin nan hawa yake yana sauka, ba kamar yadi ba da ke zama inda ka shimfiɗa shi.

Jama'a suka dawo, har da masu shayi da mai tsire. Na gyara hula, na ce, "Manzo, wanke bidonka."

Na danna. Babu teku. Yashi ne fari fat har ƙarshen gilashi, jiragena sun kwanta a gefe kamar shanun da yunwa ta kayar. Na danna gaba, ba su motsa ba. Bindigogin gaɓa suka yi ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Isufu ya leƙa fishiyen, ya dafe kai. "Baba, wa ya taɓa zurfin ruwa?"

Na ce wataƙila kuran ne, wutar lantarkin nan. Sai Manzo ya miƙa hannu ya ɗago mitata, tana rataye a kan na'urar da allinta.

Ban yi gardama ba. Washegari na ɗauki bido biyu na shiga layi, na kuma ci gaba da shiga, don namiji ba ya saɓa alkawari sau biyu. A layin nan na koyi cewa in za ka yi maguɗi, ka fara koyon karatu, ko aƙalla ka kwashe kayan aikinka.

Labari ya riga ni isa famfo. Wata tsohuwa da ke gabana ta juyo, ta dube ni sama da ƙasa, ta jawo bokitinta jikinta.

"Kai ne telan da ya shanye teku? To don Allah matsa daga bakin famfon nan, ɗan wanda ya rage mana ke nan."