Yadda Za Ka Zama Na Ɗaya a Intanet Ka Jiƙa Ɗakin Mama

Ƙanin matata ɓarawo ne. Muna kiransa Na-Sama, don ba shi da zance sai yadda shafinsa na intanet zai fito a saman na kowa idan an yi bincike. Ilimina ya sata, kuma abin haushin, rabi ya ɗauka ya bar rabi. Ni mai gyaran famfo ne, shekara ashirin da biyu ke nan, ba wanda ya koya mini sai ruwan da ya sha jiƙa ni. Ba ni da wani jari da ya wuce sunana. Idan kai ma kana son shafinka ya hau sama, ga hanyar da ya bi. Tana aiki, na ba ka tabbaci, da idona na gani.

1. Zaɓi abin da ba ka sani ba

Sani yana rage sauri. Wanda ya san abu sai ya tsaya tunanin ko daidai ya faɗa, kai kuwa ba ka da wannan lokacin. Na-Sama bai san ta ina ake juya sifana ba, don haka ya buɗe shafin gyare-gyaren gida.

2. Nemi wanda ya sani, ka ce zumunci ya kawo ka

Ya same ni a shago ina yanka bututu.

"Yaya, sannu da aiki. Wai idan famfo yana ɗiga, ya ake yi?"

"Naka ne?"

"Na al'umma ne."

Na ce, "Da farko ka rufe babban makullin ruwan gidan. Sannan ka kwance kan famfon, ka cire tsohuwar roba, ka sa sabuwa, ka ɗaure." Na farkon sau biyu na faɗa masa. Yana ta gyaɗa kai yana latsa waya. Kai ma ka riƙa gyaɗa kai, yana sa babba ya ci gaba da zuba.

3. Rubuta wa inji, ka manta da mutum

A faɗar Na-Sama, injin bincike layin farko ya fi dubawa, kuma so yake ya ga ainihin kalmomin da mutane ke nema. Ba mai neman "makullin ruwa", kowa "famfo mai ɗiga" yake rubutawa. Sai ya goge matakin farko ɗungurungum, ya sa wannan a gurbinsa: "Gyaran famfo mai ɗiga shi ne abin da mai famfo mai ɗiga yake buƙata idan famfonsa mai ɗiga yana ɗiga."

Sau uku na karanta ban ƙaru da komai ba. Injin kuwa ya ji daɗi ƙwarai.

4. Ari fuskar wani

Taken rubutun ya zama mai tayar da hankali. Nasa: "Sirrin da masu gyaran famfo ba sa so ka sani." A ƙasa ya manna hotona riƙe da sifana, ya rubuta, "In ji mijin yayata, ƙwararre." Wato ni ne mai ɓoye sirrin, ni ne kuma mai tona shi. Kada ka nemi izini. Mai hoton zai iya cewa a'a.

5. Sa dangi aiki

Injin yana son ya ga ana shiga shafin, to ka raba wa kowa nasa adadin shiga. Matata sau biyar a rana, 'yan uwa sau uku uku. Mahaifiyarsu, Mama, ita ya ɗora wa sau goma, don ita ba ta iya ce masa a'a. Amma ka sani, duk dangi buɗewa suke su rufe. Uwa kaɗai ce za ta sa tabarau ta karanta abin da ɗanta ya rubuta har ƙarshe.

6. Hau sama

Cikin mako shida ya zama na ɗaya. Ranar Asabar da hantsi wayata ta yi ƙara.

"Baban yara, na bi maganarka ɗaya bayan ɗaya, ga ruwa yana dukan silin."

"Wace maganata, Mama?"

"Ta cikin waya mana. Ba hotonka ba ne?"

A hawa na biyu take zaune. Kafin in iso ruwa ya fito daga kicin, ya ratsa falo, ya sauko matattakala yana tarye ni. Takalmanta suna yawo a bakin ƙofa. Ita kuma tana tsaye jiƙe sharkaf, ta kife tukunya a kan famfon ta danne da hannu biyu. Na ruga na rufe makullin. Maƙwabcin ƙasa, tela ne, ya leƙo da yadin mutane yana ɗiga a hannunsa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Au, kai ne ƙwararren?"

Shekara ashirin da biyu ba a taɓa yi mini wannan kallon ba.

7. Idan an tsare ka, ka fito da lambobi

Na-Sama ya zo yana naɗe ƙafar wando.

"Yaya, mutum dubu huɗu fa suka buɗe a makon nan."

"Dubu huɗu, kowa da famfonsa?"

"Kwantar da hankalinka, yawancinsu ba sa karantawa, daƙiƙa goma su fita."

Ban taɓa gode wa Allah a kan rashin karatun jama'a ba sai ranar. A gaban tela na faɗa wa Mama matakin da aka cire. Ta ajiye tukunyar, ta juya wajen ɗanta.

"Wato ya gaya maka, kai ka goge?"

"Mama, injin ne ba ya so."

"Injin ne ya haife ka?"

Tela ya ba ni haƙuri, har ya ce in duba masa nasa famfon.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan, shi ya jiyo. Ban san shi ba, ban aike shi ba, kuma kada ya kira ni sai ya rufe makulli.

Shi kuwa Na-Sama, Mama ta yanke masa hukunci a tsaye cikin ruwan. Ya wanke kafet, ya hau da katifa rufin bene ya sauko da ita kullum har ta bushe, ya wanke yadin tela ya goge. Ya cire hotona. Ya mayar da maganar makulli layin farko da manyan haruffa. Injin ya jefa shi shafi na huɗu na sakamakon bincike, kuma an hana kowa a dangi ya sake danna masa.