Ragon da Ya Fi Kowa Natsuwa

Allah ya yi wa dabbobin unguwar New Bell ta birnin Duwala gata ranar da ya ba su Munzali Tahir. Da can yaron wani mai fiton kaya ne a tashar jirgin ruwa, sai wata ƙungiya ta gayyace shi taron bita a otal kan walwalar shanu da tumaki. Ya ci kaza, ya ɗan taɓa gyangyaɗi, ya fito da farar riga da ilimin da ya fi ƙarfin unguwa. Tun daga nan ake ce masa Sufeton Tumaki, shi kuwa yana amsawa da hannu a ƙirji, don bai san tsiya ake yi masa ba.

Iliminsa ƙwaya ɗaya ne, amma ya riƙe shi gam: dabbar da ke jin daɗi ba ta kuka. Ya sa wa wayarsa abin auna ƙara, ya haye babur ɗin haya da ake kira bensikin, ya nufi kasuwar shanu. Ya tarar da waɗanda aka sauke daga tirelar Ngaundere sun zube a taɓo, ko jela ba sa iya kaɗawa. Ya kara musu waya a baki.

"Voilà," in ji shi. "Shanu sun yi wa tumaki fintinkau. Irin wannan natsuwa ko a Turai sai an tona."

Da layya ta matso, ƙungiyar direbobin manyan motoci ta ba shi aikin zaɓo mata inda za ta sayi raguna. Yayarsa Yelwa ta ji daɗi har ranta. Tun rasuwar mijinta da kiwo take riƙe gida, shekara guda tana ɗawainiya da ragunanta a kan katako saboda ruwan Duwala. In direbobi suka kwashe su ta huta, in ba haka ba sai ta faɗa hannun dillalai.

Tsautsayi ya kawo Sufeto daidai lokacin da ta fito da bahon dusa. Raguna suka ɗauki kuka gaba ɗaya, wayar ta yi ja wur.

"Munzali, dusa fa suka gani."

"Sufeto za ki ce, Yaya, ina bakin aiki. Wannan kukan zalunci ne. Kimiyya ba ta san ciki ɗaya ba."

Yelwa ta bi shi da kallo cike da baƙin ciki. Ita ta goya shi.

A garken Haruna dillali kuwa ya ga abin da ya kusa sa shi hawaye: ƙaton rago kwance a lungu, kai a ƙasa, ga harawa ko kallonta ba ya yi. Wayar ta yi tsit. Haruna, wanda ya kwana biyu yana neman wanda zai maƙala wa ragon, ya yaba basirar Sufeto matuƙa.

Ranar nuna gwarzon ragon da Sufeto ya zaɓa aka taru bayan la'asar a ƙofar ofishin direbobi. A amalanke aka kawo ragon, Sufeto ya ce ai babba ba ya tafiya da ƙafa. Ya dafa ƙahonsa ya buɗe jawabi, rabi Hausa rabi Faransanci. Ya zaga Turai, ya dawo ya caccaki masu kiwon jahilci, yana satar kallon Yelwa da ke tsaye a baya.

"Ku shaida da idonku. Tun da na fara magana bai motsa ba. Ko ƙudan da ke kan idonsa bai kora ba. Wannan shi ne walwala."

Alhaji Jibirilla, shugaban direbobi, ya sunkuya ya ɗaga kunnen ragon, ya saki. Ya miƙe yana karkaɗe hannu.

"Sufeto, sakar masa ƙahon haka nan. A nemo shebur." Sannan ya waiwaya. "Malama Yelwa, masu kukan nan naki suna nan?"

Ta ce suna nan, kuma da yunwa ta baro su. Direbobi suka ɗunguma suka bi ta. Da ta zo giftawa ta gaban ƙaninta, wanda har yanzu ke kara wa gawar ragon waya, sai ta ɗan tsaya, ta rage murya kamar yadda ake yi a gidan makoki.

"Allah ya ba ka haƙuri, Sufeto. Shi kaɗai ne ya saurare ka har ƙarshe."