Ziyarar Ɗakin Banda

Ranar da abin ya faru akwai Kulu ƙanwata, da Hajo matar ɗana, da Ige maƙwabciyata mai bakin tsiya, sai ni jagora. Lokacin ba a yi jihar Kebbi ba, muna jihar Sakkwato. Da ƙafa munka taso daga Birnin Kebbi, muna bin ƙauyukan bakin gulbi, za mu ziyarci kabarin wani malami kusa da Argungu. Na hana hira, na hana tambayar hanya. Ni da kakata ta kawo ni tun ina goye, wa zai gwada mini?

Bayan Gulma na hango wani ɗan ɗakin laka. Na ce, "A tuɓe takalma!" Munka durƙusa, na ja addu'a har da hawaye.

Hajo ta ce, "Inna, ƙamshi nika ji."

"Ƙamshin bayin Allah ne, rufe baki!"

Sai ga wani masunci ya leƙo. "Iya, ku ɗan gusa in juya kifina, kar shi ƙone."

Ashe ɗakin banda ne! Ige dariya har da birgima cikin rairayi.

Washegari a Argungu na ɗaure fuska na shiga rumfar masu kifi, kamar ba a yi komai ba. Ige ta ɗaga murya: "Ku ba Inna hanya, ta zo gaida malaminta!" Har yau haka ake ce mini.