Yadda Na Hana Ɗan Ƙanwata Kama Penaliti

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na kutsa filin ƙwallo a guje, a garin mutane, da takalmi ƙafa ɗaya, na cakumi ɗan ƙanwata a gaban jama'a ba. Ko na so in manta ma, 'yan tashar garinmu Madawa ba za su bar ni ba.

Gara in fara da faɗa muku halina, don ku san da wa kuke magana. Ni mutum ne mai yawan damuwa. In na kulle shago sai na dawo na taɓa kwaɗon, in na taɓa kuma sai in fara tunanin ko taɓawar da na yi ce ta buɗe shi. Sana'ata sayar da buhunan zuba albasa da igiya da basilla. Karatuna bai wuce aji shida na lakwal ba, wato makarantar boko, kuma ko a can malaminmu ya sha cewa na fi kowa sanin amsa, na kuma fi kowa goge ta kafin a karɓi takarda.

Ƙanwata Zali tana da ɗa saurayi, Sanusi, mai tsaron raga ne, abin da muke kira gardiyan. Da aka gama girbi a shekarar, sa'o'insa duk suka ɗaure jaka suka nufi Abijan cin rani, shi ma uwarsa ta ce ya bi su. Sanusi ya ce shi ƙwallo yake so. Ni na shiga tsakani. Na roƙi Zali ta bar shi ya gwada sa'arsa a ekip, wato ƙungiyar ƙwallon garinmu, in an ba shi lisans, wato katin shiga gasar shampiyona, ya zauna, in ba a ba shi ba ni da kaina zan raka shi tasha. Ta dube ni ta ce, "Yaya, kai ka ɗauko wanga kaya, kai za ka sabke shi." Tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi.

Matsalar ita ce masu son ragar sun yi yawa, kuma akwai wani Laminu Dogo wanda ya riga shi daɗewa a ekip. Mai horar da su, Mushe Idi, malamin lakwal ne, shi ya sa ake ce masa Mushe, kuma ba shi da yawan magana. Ya ce za a yi wasannin share fage da garuruwan maƙwabta, irin waɗanda ake kira amikal, bayan su ne zai faɗi wanda ya ɗauka. Sai na ɗora wa kaina bin su duk inda za su. Ba wanda ya gayyace ni. Na dai riƙa zuwa tasha da wuri ina riƙe da jarkar ruwa, har aka saba da ni aka riƙa matsa mini wuri a bayan mota.

Wasan farko a Bangi aka yi, aka ci mu. Na dawo gida kamar wanda ya dawo daga jana'iza. Abin da ya fi ɗaure mini kai, 'yan wasan da aka ci suna ta raha a mota suna cin rake. Na ce wa kapiten ɗinsu, Bashiru, yaya za a ci mutum ya yi dariya? Ya ce, "Kawu, amikal na hwa. Ba a rubuta shi ko'ina." (Duk ekip ɗin Kawu suke ce mini, tun ranar da suka ji Sanusi ya faɗa.) Ban gamsu ba. A ganina in an ci ka an ci ka, ko an rubuta ko ba a rubuta ba.

A Keita filin duk tsakuwa ne, sai na duƙa gaban raga ina tsince duwatsu ɗaya bayan ɗaya don kada Sanusi ya fasa gwiwa, har arbit, alƙalin wasa, ya hura usur ya ce dattijo ya fita. A Buza kuma Mushe ya canja kusan kowa bayan hutun rabin lokaci, mai tsaron baya ya koma gaba, na gaba ya koma benci. Ni dai ban gane kan wannan tsari ba, kuma na ji nauyin tambaya. A Buzan nan ne, wurin mai shayi, na ji wasu suna hira cewa yanzu manyan 'yan kasuwar albasa sun shigo harkar ƙwallo, in suka ga yaro ya iya sai su saya masa moto, wato babur, su janye shi zuwa ekip ɗin garinsu. Wataƙila hirar shayi ce kawai. Ni kuwa na ɗauke ta na ajiye a ƙirji, tana ta tsiro.

Wasan ƙarshe a Sabon Gida za a yi, kuma kowa ya san a ranar Mushe zai yanke hukunci. Na isa tasha kafin kowa. Mota na cika sai wani tunani ya faɗo mini: anya na kashe gawayin da na dafa shayi a shago? Shago cike da buhuna! Na ce su jira ni kaɗan, na ruga. Na tarar da gawayin a kashe, har na zuba masa ruwa tun ɗazu. Na ƙara masa wani ruwan. Kafin in dawo mota ta tafi. Sai da na sha wahala na sami ɗan kabu-kabu, shi ma ya tsaya a hanya yana neman mai. Ko da muka isa an daɗe da fara wasa.

Ɗan kabu-kabun ya sauke ni ta ɓangaren 'yan gari. Na kutsa cikin jama'a har bakin igiyar da aka zagaye fili da ita, na fara neman Sanusi da ido. Ga shi nan a raga, kusa da ni, da baƙar rigarsa. Na yi hamdala. Sai na ga Bashiru ya taho da ƙwallo a guje, da koriyar rigarmu, ya ɗirka ta da ƙarfi wajen ragar da Sanusi yake. Sanusi ya tashi sama ya cafke.

Na ce a raina Bashiru ya haukace. Ko kuwa ni ne zafin rana ya taɓa? Na waiga can ɗaya ragar, sai ga Laminu Dogo tsaye, hannu a ƙugu, 'yan koriyar riga a gabansa. Na sake waigowa. Masu tsaron gaban Sanusi duk jajayen riguna ne, na Sabon Gida. Jama'ar da ke kewaye da ni suna tsalle suna ihu, "Gardiyanmu! Gardiyanmu!"

Bakina ya buɗe na kasa rufe shi. Yaron da na goya a kafaɗa, yaron da na tsince wa duwatsu a Keita, yana tsaron ragar abokan gaba! Kuma ba tsaron wasa ba. Aka buga ƙasa ya kwanta ya kama. Aka buga sama ya naushe. Har tsawa yake yi wa jajayen riguna yana nuna musu inda za su tsaya, kamar a garin aka yanke masa cibiya.

Daga nan idona ya faɗa kan abin da ya ƙarasa ni. Bayan raga akwai wani Alhaji, babbar riga da tabarau, a jingine da sabon moto fil, ledar sirdinsa ma ba a cire ba. Duk kamun da Sanusi ya yi sai Alhajin ya tafa, har ya jefa masa ruwan leda. Sanusi ya cafe, ya sha, ya ɗaga masa hannu. Na ce shi ke nan, ga mai saye, ga kuɗin saye, ga abin da aka saya.

Za ku ce me ya hana in zagaya wancan ɓangaren in tambayi Mushe? Ina hango shi zaune a benci da hularsa. Kunya ce ta hana ni. Na riga na gama shari'ar a kaina: an ci amanar Mushe, kuma jinina ne ya ci ta. Da wane ido zan dube shi? Me zan gaya wa Zali? Ina tsaye a wurin na tsara yadda zan rufe shago in koma ƙauyen kakanninmu, har na zaɓi wanda zan bar wa ragowar buhuna.

Ana cikin haka aka taɗe Bashiru a gaban raga, arbit ya ba mu penaliti. Bashiru ya ajiye ƙwallo ya ja da baya. Sanusi ya tofa yawu a safar hannunsa, ya buɗe ƙafafu, ya ƙura wa kapiten ɗinsa ido. Na ce wallahi in ya kama wannan, zuri'armu ta gama shiga Madawa da rana.

Ban san lokacin da na sunkuya ta ƙarƙashin igiya ba. Takalmina ɗaya ya maƙale a rairayi, ban tsaya ba. Usur na tashi na iso ta gefen raga, na damƙi rigar Sanusi ta baya da hannu biyu na fizgo shi. Muka zube ƙasa tare. Ƙwallon Bashiru ta wuce ta samanmu ta shiga raga salin alin.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma sai na miƙe, riƙe da wuyan rigarsa, na buɗe murya yadda na bayan fili ma za su ji.

"Don moto, Sanusi? Don moto za ka saida garinku? Mi munka rage ka da shi? Tashi mu tai gida, wallahi gara ka tai Abijan ka yi dako!"

"Kawu, sake ni!"

"Ba ni sakin ka! Shi kuma wancan Alhajin shi ɗauki motonai shi ba ɗiyanai!"

Alhajin ya cire tabarau ya dubi moton, ya dube ni. Ya ce, "Malam, lahiya? Moto nau na. Mi ya haɗa ka da shi?"

Sanusi kamar zai yi kuka ya ce, "Kawu, aro na anka yi! Gardiyansu ya hau motar Abijan jiya. Mushe ya ba su ni!"

Na ji kalmar, amma sai da ta zagaya kaina kafin ta sami wurin zama. Aro. Mushe Idi ya taso daga benci yana tafe a hankali, hannu a baya, kamar zai duba allon ɗalibi. Ya tsaya gabana ya ce, "Kawu, gardiyan biyu gare ni, raga guda. Su kuma raga gare su, ba gardiyan. Na ce bari in ga kowane shi yi wasa tun hwarko har ƙarshe. Tun cikin mota na yi bayani. Ina kake?"

Na ce, "Gawayi na tai kashewa."

A nan fili ya fashe. 'Yan ja da 'yan kore suka riƙa dafa juna suna dariya, wani ya kwanta a ƙasa yana bugun rairayi. Arbit ya ciro jan kati ya riƙe a hannu yana dube-dube, bai san ko doka ta yarda a ba ɗan kallo ba. Daga baya ya ɗaga mini shi, jama'a suka tafa. Wata mai sayar da ƙosai ta miƙo mini takalmina a kan sanda. (Har yau ban san dalilin sandar ba, kuma abin yana damuna.)

Aka ce a sake bugun. Aka zaunar da ni a benci tsakanin ƙarti biyu, kowanne ya riƙe mini hannu ɗaya. Bashiru ya sake ajiye ƙwallo. Sanusi ya tsaya, rigarsa a yage ta baya. Usur na tashi, wallahi ina gani da idona, yaron nan ya waiga bayansa ya duba ko ina tafe. Kafin ya juyo ƙwallo tana raga.

Muka kama hanyar komawa har muka bar garin. Sai Bashiru ya leƙo ya ce, "Kawu, ka ci mana ƙwallo guda, lisans ɗinka na nan tahe." Motar ta ɗauka da dariya. Sanusi kaɗai bai yi dariya ba, ya juya fuska waje. Wannan shirun nasa ya fi duk dariyar ciwo, don na san abin da yake lissafawa, ni ma shi nake lissafawa: motar Abijan.

Labari ya riga mu isa gida, don wani ya ɗauki bidiyon abin da salula, wato wayar hannu. Na tarar da Zali zaune a tsakar gida, maƙwabta sun kewaye ta suna kallo. Ta ɗago kai ta ce, "Yaya, ashe gudu ka iya haka?" Sannan ta rage murya ta ce, "In ka ɓata mai, kai za ka kai shi tasha, kamar yadda ka ce."

Kwanakin da suka biyo baya ban iya zuwa filin horo ba. Mushe da kansa ya biyo ta shagona wata safiya, ya zauna a kan ɗaurin buhuna, na ba shi shayi. Ya ce ya ga abin da yake son gani a wurin Sanusi tun kafin in shigo, penaliti ne kawai bai gani ba, kuma a shampiyona penaliti ba abin wasa ba ne. Don haka Laminu Dogo ne zai fara tsaron raga, Sanusi zai sami lisans amma daga benci zai fara. Ya ƙara da sharaɗi guda: duk ranar wasa, ni ne mai gadin mota, a wajen fili.

Sanusi bai tafi Abijan ba. Ya yi rabin shekarar a benci, kuma na san wanda ya zaunar da shi. Ya daɗe yana gaishe ni a taƙaice kafin ya huce. Ni kuma na zama gwanin gane wasa da kunne: in ihun ya yi tsawo mu muka ci, in ya katse mu aka ci.

Abin da na koya shi ne, kunyar tambaya ta ɗan lokaci ce, kuma mutum ɗaya ne zai ji ta. Wadda na zaɓa kuwa garuruwa biyu suka kalla, har da waɗanda ba su je ba. Yanzu in na isa wuri a makare na ga abin da ya tayar mini da hankali, sai in sami wuri in zauna, in sa hannuwana biyu a ƙarƙashin cinya, in tambayi na kusa da ni abin da aka faɗa a mota.